Ɗanwaken Darakta

Duk wanda ya shiga gidan Alhaji Yusha'u a Malali ranar Alhamis da yamma ya tambayi Nusaiba, amsa ɗaya zai ji daga bakin mahaifiyarta: "Tana cikin kabad." Baƙo yakan ɗauka wasa ne, ya yi dariya. Ba wasa ba ne. A ɗakin Hajiya Aishatu akwai wata doguwar kabad ta katako, cike da atamfofi da leshi da mayafai, a nan Nusaiba ke shiga ta naɗe ƙafa, ta ɗora kwamfuta a cinya, ta ɗaure makirfo a sandar rataye kaya, ta ja ƙofa. Ita ta gano cewa tufafi suna shanye amsa-kuwwa fiye da kowane ɗaki a gidan. Cikin wannan zafi da ƙamshin turaren wuta take ɗaukar shirinta na murya da take sakawa a intanet duk Asabar, mai suna Kafin a Kai Gyara, inda take koya wa mutane abin da za su yi wa waya ko kwamfuta da hannunsu kafin su kai ta kasuwa a buɗe mata ciki. Abin da ta faɗa da baki kuma takan rubuta shi a shafinta, da hotuna, saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta saurare ba.

Tun tana shekarar ƙarshe a jami'a ta fara, kuma Asabar ba ta taɓa wuce ta ba. Ta ɗauki shiri da zazzaɓin cizon sauro a jikinta, haƙora na kaɗawa. Ta ɗauka ruwan Agusta na dukan kwano kamar ana rabon faɗa. Da marfin kwamfutar ya ɓalle, ta tallafe shi da filo ta ci gaba. Da aka yi kwanaki ba wuta a layinsu, ta riƙa ɗaukar kayanta zuwa makarantar 'yan matan da take koyarwa a Unguwar Rimi, ta yi caji da solarsu lokacin tara. Akwai makon da ta sabunta shafin ya kife gaba ɗaya, rubutun shekaru ya koma farin allo, ta zauna ta tayar da shi ɗaya bayan ɗaya ba ta gaya wa kowa ba. Ba ta taɓa roƙon wani ya saurare ta ba, kuma wannan ne abin da ta fi alfahari da shi.

A gida kuwa ba a ɗauke ta mai shiri ba, an ɗauke ta ofishin gyara ne wanda ba ya tashi aiki. Wayar Umma ta cika da hotunan Barka da Juma'a, Nusaiba. Talabijin ta ce babu sigina, Nusaiba. Gwaggo ta manta lambar sirri, kawu ya danna abin da bai sani ba rubutun wayarsa ya koma na Sinawa, duk Nusaiba. Abba, wanda darakta ne a wata ma'aikatar jiha, shi ya fi kowa kiran sunanta, shi ne kuma ya raɗa wa shirin suna surutun cikin kabad.

To, ranar wata Talata Abba ya dawo gida da tsakar rana, abin da bai saba ba, hula a karkace, yana miƙo waya tun daga bakin ƙofa.

"Nusaiba! Zo ki kashe wannan abin. Maza!"

Ashe saƙon murya ya yi wa Umma daga ofis. Ya yi gyaran murya irin nasa, ya ce: "Ehem. Aishatu, ɗanwaken jiya ya yi tauri, kanwa ta yi yawa. Yau a sassauta hannu, a ƙara ƙwai. Yajin nan kuma da Inna ta aiko nawa ne, kada a ba kowa." Ya danna tura. Sai dai ba Aishatu ce a saman allon ba, zauren WhatsApp na daraktocin ma'aikata ne, har da babban sakatare a ciki. Nusaiba ta goge saƙon nan take, amma aikin gama ya gama. Babban sakatare ya riga ya amsa: "Allah ya ba Hajiya haƙuri, a ƙara ƙwai." Umma ta yi dariya har ta zauna a ƙasan kicin. Abba ma da la'asar ya ɗan murmusa, ya ce cikin abokai ne, zai wuce.

Da ya wuce ɗin, in da Nusaiba ta bar shi. Amma mai shiri ba ya ganin labari mai daɗi ya ƙyale, kamar yadda akuya ba ta wuce dusa. Ranar Alhamis ta shiga kabad ta ɗauki darasi a kan duba sunan da ke sama kafin a danna tura, da yadda ake janye saƙo. Don darasin ya zauna, ta kawo misali da "wani babban ma'aikaci a wata jiha". Ba ta faɗi suna ba, ba ta faɗi ma'aikata ba. Sai dai ta kwaikwayi muryar, har da "ehem" ɗin, har da yajin Inna. Ta saurara kafin ta saka, ta ce a ranta ai ta rufa asiri.

Shirin ya yi tashin da babu wanda ya taɓa yi. Aka yi ta tura shi daga zaure zuwa zaure. Nusaiba ta wuni Lahadi tana amsa saƙonni, kanta ya yi girma kamar na sabuwar amarya.

Ranar Litinin bayan la'asar Abba ya aika a kira ta falo. Yana zaune da kayan ofis bai ko cire takalmi ba. Ta durƙusa gefen kujera.

"Ke ce kika saka ni a rediyo?"

"Abba, ba rediyo ba ne. Kuma ban ambaci sunan kowa ba."

"Ba ki ambaci suna ba." Ya gyaɗa kai. "Nan Kaduna ce, Nusaiba. Ma'aikacin gwamnati a garin nan in ya yi atishawa a Kawo, sai an ce masa yarhamukallahu a Unguwar Rimi. Da safe Malam Tijjani ya kunna mini ke a ofishina yana share hawaye don dariya. Wannan abokina ne, na shanye. Amma da zan fito, masinjana, yaron da na ɗauka aiki da hannuna, ya karɓi jakata ya ce, 'Ranka ya daɗe, Allah ya sa yau an ƙara ƙwai.'"

Nusaiba ta cije leɓe. Wallahi ba ta so dariya ta zo mata ba, amma ta zo, kuma Abba ya ga inda ta tsaya a kumatunta. Nan fuskarsa ta canza.

"Ki goge shi. Kuma surutun nan ya ƙare, da na bakin da na rubutun. Na gama magana."

"Abba, mutane suna amfana. Mata nawa ne suka daina kai wayoyinsu ana kwashe musu hotuna saboda..."

"Na ce na gama."

Ta ce, "To, Abba," ta miƙe. Haƙuri dai ba ta bayar ba. A ganinta gaskiya ta faɗa, darasi ta koyar, kuma suna ba ta kama ba. Ta shiga ɗaki ta sauke shirin da ya fi kowane shiri nata tashi. Ta rufe kwamfutar. Asabar tana tafe, kuma a karon farko ba ta da abin da za ta ba ta.

Ta gwada Umma. Umma tana tsince shinkafa ta ce, "Ni ba ruwana. Ɗanwakena kika kai duniya, yanzu duk matan Malali sun san kanwata ta yi yawa. In da mai fushi a gidan nan ai ni ce."

Haka aka shiga mako. Nusaiba ba ta fasa aikinta ba. Ta share wa Umma waya, ta gyara wa Abba agogon motarsa da ya koma baya, ta haɗa masa firinta da ta ƙi jin magana, duk da fuska a ɗaure kamar ma'aikaciyar da aka hana ƙarin girma. In ya ce Allah ya yi albarka, ta ce amin a taƙaice. Masu sauraro suna ta tambaya ina shirin ɗanwake ya shiga, ba ta amsa wa kowa ba.

Ranar Laraba aka aiko daga Unguwar Kanawa cewa wayar Inna ta daina magana, a turo mai gyara. Inna Saratu ita ce mahaifiyar Abba, tsohuwa mai ran ƙarfe da ta ƙi barin tsohon gidan mijinta duk da ɗakin da aka gina mata a Malali. Nusaiba ta tashi daga makaranta ta hau keke napep ta nufi can.

Ta tarar da ita a tsakar gida kan tabarma tana ɓare gyaɗa.

"Salamu alaikum. Tsohuwa, har yanzu kina nan? Na ɗauka zan zo in tarar ana rabon kwanuka."

"Wa alaikumus salam. Ja'ira. Sai na ga auren jikokinki, in ma wani ya yarda ya kwashe ki da wannan baki. Zauna, ga marar lafiyar can."

Ta nuna wata 'yar kwalla a gindin bango. Nusaiba ta buɗe, sai ga waya kwance cikin jiƙaƙƙen tsumman algarara tare da goro.

"Inna! Me wayar take yi a cikin goro?"

"Zafi ta yi. Na taɓa ta na ji kamar mai zazzaɓi. Goro ma da yake da rai a nan yake hucewa."

Nusaiba ta dafe kai. Ta kashe wayar, ta zare abin da zai zaru, ta goge, ta shanya ta a inuwa inda iska ke bi. Tana cikin haka Inna ta ce, ba tare da ta ɗago daga gyaɗarta ba, "Na ji ɗanwake."

Hannun Nusaiba ya tsaya.

"Hauwa ta gidan bayanmu ta kunna mana. Mun yi dariya har na yi tari. Muryar ta fito sak, har gyaran muryar. Na ce wannan yarinya Allah ya ba ta kai, ya hana ta linzami."

"Inna, ban faɗi sunansa ba fa."

"Ni ma ban taɓa faɗin sunansa ba tun da aka raɗa, amma duk Unguwar Kanawa an san wanda nake nufi in na ce wancan."

Gaskiya ne. Abba ɗan fari ne, kuma Inna tana masa kunya irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta doguwar magana da shi. Duk Juma'a in ya sauko daga masallaci yakan zo ya zauna bakin ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, in kuma akwai saƙo sai ta ba duk wanda ke kusa ya miƙa, ko da shi yana zaune yana ji.

Inna ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Ke da karatunki ba ki san inda ake wasa ba? Uba abokin wasanki ne? Allah ya ba ki ni, kyauta, ki zage ni in zage ki, duniya ta yi dariya ba mai cewa kin yi rashin kunya. Kika tsallake ni kika je kika ja gemun da ba a ja. Ni me na rasa? Wautar waya ce ba ni da ita?"

Nusaiba ta kalli wayar da ke shan iska, ta kalli kwallar goro, dariya ta ƙwace mata, ta farko tun Litinin. Sai kuma dariyar ta yanke. Maganar masinjan nan ta dawo mata, wannan karon ba ta ba ta dariya ba. Ta hango Abba da furfurarsa yana miƙa wa yaro jaka, bai san inda zai sa idonsa ba.

"Ya hana ni shirin gaba ɗaya, Inna. Ki yi masa magana."

"Ni? In yi magana da wancan? Yau kuma wace rana?"

"To shi ke nan. Ya mutu ke nan."

"Ji ta, kamar ba ita ce mai cika baki ba. Ki kawo abin maganar nan naki jibi Juma'a, kafin a sauko masallaci. Da ni za ki yi."

"Umarni ya ba ni, Inna. Ba zan tsallake ba."

"Ni ma umarnin nake ba ki. Je ki auna ki ga wanne ya fi nauyi."

Nusaiba ta koma gida tana aunawa. Ba ta saba yin abu a ɓoye ba, abin da za ta yi a gaban mutum take yinsa. Ta gaya wa Umma komai. Umma ta ce ita dai ba ta ji ba, ba ta gani ba, amma a gaishe da Inna. A ƙarshe Nusaiba ta yanke wa kanta cewa ɗauka za ta yi don Inna ta ce, sakawa kuwa sai da yardar Abba, in ya ƙi ta haƙura. Kalmar haƙurin ce ta fi yi mata ɗaci.

Ranar Juma'a ta isa da jakarta. Ɗakin Inna cike yake da jeren kwanuka da tasoshi, in ka yi magana sai su amsa maka. Dole ta ciro barguna ta rataya a igiyar gidan sauro ta zagaye gadon, suka shige ciki su biyu, makirfo a tsakani kan filo.

"Wannan ai kabari ne," in ji Inna tana fifita da mafici. "Haka kike shan wahala duk mako? Don Allah wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni. Ki ajiye maficin nan, yana shiga. Kuma kada ki taɓa makirfon."

"In ban riƙe shi ba ta yaya zai san da shi nake?"

Da ƙyar aka fara. Nusaiba ta yi sallama ga masu sauraro, ta ce yau tana da baƙuwa, tsohuwar da ta fi kowa azabtar da waya a arewacin kogin Kaduna. Inna ta ce ƙarya ne, wayar ce ke azabtar da ita. Ta ba da labarin goro da bakinta, Nusaiba ta bi da bayanin abin da ake yi in waya ta yi zafi da abin da ake yi in ta jiƙe. Inna ta kawo ƙarar masu aiko mata saƙon murya, ta ce ba su da tarbiyya, tana amsa musu gaisuwa suna ta zuba ba sa saurarawa. Ta ce jikanta na Legas ya kira ta kiran da ake ganin juna, ta yafa mayafi ta kara a kunne, shi kuma yana ta ihu wai kunnenta kawai yake gani, to da ina ake jin magana? Nusaiba tana dariya tana gyarawa, gumi na bin bayanta, ta san a ranta ba ta taɓa ɗaukar shiri mai daɗin wannan ba.

Sai aka yi gyaran murya a tsakar gida. "Ehem. Salamu alaikum."

Nusaiba ta gane muryar. Ta kai hannu za ta tsayar da ɗauka, Inna ta buge hannun.

"Wa alaikumus salam. A gaya wa mai sallama ya shigo ya zauna, aiki muke."

Nusaiba ta ɗaga gefen bargo. Ga Abba a bakin ƙofa cikin farar shadda, darduma a kafaɗa. Ya kalli barguna, ya kalli wayar makirfo da ta biyo ƙasa, ya kalle ta. Ba ta sunkuyar da kai ba, amma muryarta ta yi ƙasa.

"Abba, Inna ta ce ka shigo ka zauna."

Ya cire takalmi ya zauna a tabarmar bakin ƙofa inda ya saba. Ya gaida Inna, ta amsa daga bayan bargo da "lafiya" guda ɗaya. Darakta guda, mai sa hannu a takarda ma'aikata ta girgiza, ya harɗe ƙafa kamar ɗan aji ɗaya.

Inna ta matso da bakinta kusa da makirfo.

"Jama'a masu ji, ina da sauran magana. Wannan jikar tawa ta yi laifi kwanan baya. Ta ɗauki wasan da ya kamata ta yi da ni ta kai inda ba a wasa. Wanda ta yi wa, in yana ji, yana da gaskiya ya yi fushi, ko ni ce sai na yi. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni na san wani yaro a unguwar nan, shekarun baya, da ya ɗauki wuƙa ya ɓalle bayan rediyon ubansa, sabuwa fil, wai yana neman mutanen da ke magana a ciki ya ba su tuwo. Da uban ya dawo, yaron nan ya haura katanga ya bar wandonsa a hannun uban, ya zaga unguwa haka. Uban ya yi fushi, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Da ya huce bai ce kada ya ƙara taɓa komai ba. Cewa ya yi wannan kan ba na zama ba ne, ya kai shi makarantar boko. To, taɓe-taɓe dai gado ne. Wanda ya haifi mai taɓa abin magana, ya tambayi kansa inda ta samo."

Daga bakin ƙofa aka ji wani tari da bai yi kama da tari ba.

Nusaiba ta rufe shirin da muryar da ba ta san ta ina ta fito ba, ta tsayar da ɗauka, ta fito daga cikin barguna jiƙe da gumi. Ta je gaban Abba ta durƙusa. Kalmomin sun yi mata nauyi kamar dutsen niƙa, amma ta ɗauko su.

"Abba, na yi kuskure. Na sa an raina ka a wurin aikinka. Ka yafe mini."

Ya kalli tabarma. "Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

"Amma shirin, Abba, in ka duba..."

"Rufe bakin nan, ja'ira," in ji Inna daga kan gado. "Ba a haɗa ban haƙuri da ciniki." Ta juya fuska ga bango, ta gyara ɗankwali. "A gaya wa wancan, gobe Asabar ina so in ji muryata a wayar nan. Na riga na gaya wa matan layin nan su zo da kujerunsu."

Nusaiba ta buɗe baki za ta miƙa saƙon kamar yadda aka saba. Abba ya ɗaga mata hannu, alamar ya ji. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya yi wa Inna sallama, ya ce wa Nusaiba ta kwaso kayanta ya sauke ta gida.

Suka shiga mota, suka fita daga lungunan Unguwar Kanawa suka hau titi. Masu dawowa daga masallaci sun cika hanya, 'yan keke napep suna kutsawa ta ko'ina. Nusaiba ta rungume jakar kwamfuta a ƙirji tana kallon waje. Ta riga ta shirya: in ya ce a'a, ba za ta yi kuka a gabansa ba, za ta kai wa Inna muryarta a waya ta ji ita da matan layinsu, shi ke nan.

Sai da suka kusa kwanar Malali ya yi gyaran murya.

"Wurin nan na wando."

"Zan yanke shi, Abba. Daga inda ta ce tana da sauran magana har ƙarshe. Tun tana faɗa na san ba na mutane ba ne."

Ya ɗan juyo ya dube ta, ya mai da ido kan titi. "Rediyon ma ba sabuwa ba ce. Ta hannu ya saya."

"To, Abba."

"Kuma ban zaga unguwa ba. Gidan maƙwabta na shiga."

"To, Abba." Ta danne kumatunta da jaka.

Ya tsaya a ƙofar gida ya yi hon a buɗe. Yana jira, hannu a kan sitiyari, ya ce kamar mai karanta sanarwar ofis, "Inna ta ce gobe take so ta ji muryarta. Kada ki sa ta jira. Tsohuwa ce, ba a saɓa mata."

"In sha Allahu ba za ta jira ba."

"Sati mai zuwa kuma, in ta ce za ta sake, ki zo ki ɗauki fankar ɗakina mai caji ki kai mata. Kada ki kashe mini uwa a cikin bargo."

Nusaiba ta ce to. Ta fito daga motar a hankali, da mutuncinta, kamar ba abin da ya faru. Sai da ta shige ƙofar falo inda ba zai gan ta ba ta ruga da gudu, tana kiran Umma ta zo ta ji abin da tsohuwa ta yi wa waya.